Risha Ta Sake Faɗuwa

Talata, 1 ga Oktoba, ƙarfe 9:20 na safe

Wannan littafin ni da ƙanena Nizar muka saye shi don rubuta kurakuran Risha. Rabin shafukan rubutunsa ne, kamar kaji sun yi tono. Zan ci gaba yadda muka saba: rana, lokaci, abin da ya faru. Zan rubuta komai dalla-dalla, ko kaina ya tsaya wuri ɗaya.

Risha filogin ce. Shekara biyu muna gina ta a wannan ɗaki na saman kantin magani a Bardo. Mai haɗa kiɗa zai buɗe ta cikin manhajarsa, ya danna madannai, sai ud, molon Larabawa, ya yi magana kamar Ammi Lutfi ne zaune kusa da shi. Ammi Lutfi aminin marigayi babanmu ne, kuma kiɗansa muka naɗa, tsirkiya bayan tsirkiya, har wata huɗu. Nizar ya rubuta injin da ke fitar da sauti. Ni na rubuta umarnin da ke gaya wa injin abin da zai yi: wane maƙami, wato jerin muryoyin da kiɗa zai bi, wace murya, a ɗaga ta nawa, a sauke ta nawa.

Mutum goma muka ba gwaji. Bakwai ba su da ƙorafi. Uku kuwa, da zarar sun buɗe aikin da suka adana, sai manhajar gaba ɗaya ta ɗauke. Ammi Lutfi na cikin ukun. A kwamfutata ba ta taɓa yi ba ko sau ɗaya. Rahoton faɗuwar kullum wuri ɗaya yake nunawa: layi na 412, cikin injin Nizar.

Yau kwana biyar Nizar yana asibiti, bai farfaɗo ba. Ziyara daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu, mutum ɗaya-ɗaya ake shiga.

Talata, ƙarfe 3:10 na yamma

Likita ya ce babu canji. Ummi ta shiga, matarsa Rim ta shiga. Ni na tsaya a baranda na riƙe musu jakunkuna.

Laraba, 2 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Ammi Lutfi ya kira.

"Injiniya," ya ce, "'yar nan taku ta sake ba ni kunya. Mawaƙi yana tsaye, ya sha zumarsa, ya gyara murya, na buɗe aikin, fit! Sai hoton jikokina a allo."

Na ce ya turo mini rahoton.

"Na turo. Ni dai ban gane komai a ciki ba, kamar rubutun likita." Sai ya sassauta murya. "Sausan, yaya jikin nasa?"

"Ammi, wane maƙami ka zaɓa kafin ka adana?"

Ina jin cokalinsa yana buga kofin shayi. Can ya ce, "Rast, 'yata. Rast na zaɓa."

Na buɗe rahoton. Layi na 412.

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan azahar

Mako ɗaya.

Na buɗe aiki na rufe sau sittin. Na canza saurin sauti. Na loda Risha guda ashirin a lokaci ɗaya har fankar kwamfuta ta fara kuka. Na zaɓi rast, na adana, na kashe, na kunna. Ta ƙi faɗuwa. Yaya za a gyara abin da ya ƙi lalacewa a gabanka?

Hular kwanon Nizar na rataye a bayan ƙofa. Duk sanda na rufe ƙofar sai ta bugi katako. Na bar ƙofar a buɗe, na yi aiki da hayaniyar titi.

Juma'a, 4 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Babu canji.

Ummi ta soya kaftaji da ƙwai biyu, yadda yake so, ta ɗauko a kwanon samira. Nas ta ce mata, "Hajja, ta tiyo yake ci." Ummi ta ce, "Na sani. Ƙamshin zai ji." Aka bar ta ta buɗe murfin minti ɗaya, sannan ta ba masu shara.

A jirgin dawowa muna tsaye, ta riƙe hannuna saboda jijjiga, sai ta ce, "Ke kina wurin ranar. Me ya fitar da shi da tsakar rana, ko hula bai ɗauka ba?"

"Ban sani ba, Ummi."

"Bai ce miki komai ba?"

Na ce mu matsa bakin ƙofa, mun kusa sauka. Saura tasha uku.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi

Ban kunna kwamfuta ba. Na riƙe jakunkuna jiya, zan riƙe yau.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe 10:45 na safe

Yau na shiga cikin injinsa sosai, abin da ban taɓa yi ba. Yarjejeniyarmu ke nan tun farko: kowa da gonarsa.

Na zata zan tarar da shirme. Tsaf na same shi, ya fi nawa tsari. Kuma ko'ina ya bar mini saƙo a gefen layi, kamar ya san wata rana zan leƙo. A layi na 88: "Madam Darakta, kar a taɓa nan. Ni ma ban san dalilin da ya sa yake aiki ba." A na 260: "An rubuta wannan da yunwa, a yi haƙuri." A na 301: "In kin karanta har nan, kin ci soyayyen brik ɗaya mai ƙwai a wurina."

Na yi dariya ni kaɗai har mai kantin magani ya leƙo daga ƙasan bene ya ce, "Lafiya, Madam Sausan? An samu labari ne?" Na ce a'a.

Layi na 412 ba komai ba ne. Wurin da injin ke karɓar lambobi goma sha biyu daga umarnina ne, ɗaya don kowace murya, ya jera su a gurabensu. Na karanta shi har na haddace. Babu saƙo a gefensa.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Na taɓa aikinsa. Na sa shinge a 412, duk abin da zai faru kada injin ya wuce iyakarsa. Na tura wa Ammi Lutfi.

Babu canji. Rim ta rame, zobenta har juyawa yake a yatsa.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe 12 na rana

"Injiniya, albishirinki, ba ta faɗi ba," in ji Ammi Lutfi. "Amma me kika yi wa ud ɗina? Saurara."

Ya kara wayar a lasifika ya danna. Kowace murya ta bar gidanta. Ba rast ba ne, ba komai ba ne.

"Kin ji? Kyanwa ce aka taka wa wutsiya. Shekara arba'in ina kiɗa a garin nan, in mutane suka ji wannan da sunana sai in koma sayar da gyaɗa a tasha. Gara ta riƙa faɗuwa, wallahi ta fi mutunci."

Na cire shingen, na mayar da komai yadda Nizar ya bari. Sai da na duba sau uku in tabbatar ko harafi ɗaya ban canza masa ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe 1:15 na rana

Suna ciki. Ina kan benci da jakunkuna, littafin a kan gwiwata. Mako biyu. Bari in rubuta kawai.

Ranar, rahoto na tara ne ya shigo, duk layi ɗaya. Na juya kujera na ce masa, "Aikinka irin rayuwarka ne, komai rabi-rabi. Tun kana rarrafe nake bin bayanka ina sharewa. Da baƙo na ɗauka da tuni mun gama."

Ya ce, "Yaya, layin nawa ne, na yarda. Amma abin da ake miƙa masa fa? Kin duba?"

Na ce, "Kar ka ɗora mini. Tashi ka ba ni wuri in yi tunani."

Ya tashi. Ya ɗauki makullin babur a kan tebur. Bai buga ƙofa ba, a hankali ya ja ta. Bayan minti arba'in wayata ta yi ƙara. Lambarsa ce, muryar ba tasa ba.

Ga shi nan na rubuta. Ban ji sauƙin komai ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Da safe na hau jirgi zuwa Bab Suwaiƙa, situdiyon Ammi Lutfi. Na ce tunda ta ƙi faɗuwa a gabana, ni zan je inda take faɗuwa. Tun makon farko ya kamata in yi haka.

Ya tarbe ni da lablabi, romon wake da burodi, mai zafi daga kantin kusa, ya tsaya a kaina sai da na ci rabi. "Babanki ma haka yake, in abu ya dame shi sai ya yi fushi da cikinsa. Ci, ba a gyaran inji da yunwa."

Na zauna a kwamfutarsa. Na zaɓi rast, na adana, na rufe, na buɗe. Fit. Hoton jikokinsa. Karo na farko da na gani da idona, har wani sanyi na ji.

Sai na buɗe fayil ɗin da umarnina ya adana, in ga abin da ke ciki. Lambobi ne a jere, waƙafi na raba su. Na ƙirga da yatsa a kan allo. Goma sha huɗu. Na sake ƙirgawa. Goma sha huɗu.

Rast yana da muryoyi biyu masu rabi. A kwamfutata ana rubuta 350.5, da ɗigo. Kwamfutar Ammi Lutfi da Faransanci take aiki, ta rubuta 350,5, da waƙafi, yadda aka koya mana duka a makaranta. Da umarnina ya dawo karantawa, sai ya ga waƙafi ya ɗauka lamba biyu ce, 350 daban, 5 daban. Ya kwashi goma sha huɗu ya miƙa wa injin da ke da gurbi goma sha biyu. Ta goma sha uku ta rasa wurin zama, komai ya rushe. A layi na 412.

Na kira sauran biyun da take faɗar musu. Faransanci. Faransanci. Tawa da ta Nizar tun jami'a da Turanci muka saita su.

Gyaran layi ɗaya ne. Minti huɗu.

Ammi Lutfi ya sa tabarau ya leƙa. "Wannan ɗan ɗigon mai wutsiya? Shi ya hana ni sakat wata guda? Kai, Allah wadan ƙaramin abu!" Ya fara dariya, sai ya kalli fuskata ya daina.

Na ce, "Nawa ne, Ammi. Kuskuren nawa ne. Injin Nizar lafiyarsa ƙalau."

"To sai me? Ni sau nawa na yi kuskure a gaban jama'a aka tafa mini?"

Ya jawo kujera ya zauna, ya bar ni na yi abin da zan yi. Da na share fuska ya ce, "Rim ta gaya mini jakunkuna kike riƙewa. Gobe za ki shiga. In kin ƙi, ni zan ja ki da kunne har bakin gadon. Babanki ya bar mini wannan izinin."

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe 3 na yamma

Na shiga.

Sun ba ni shuɗiyar riga da abin rufe baki. An aske masa gefe ɗaya, gashin ya fara tsirowa. Ya yi ƙanƙanta a gadon. Hannunsa da ɗumi, wannan ban zata ba.

Na sunkuya na ce, "Nizar, Yaya ce. Na samo shi. Waƙafi ne, a wurina yake. Ka ce in duba abin da ake miƙa maka, ban duba ba. Aikinka ba rabi-rabi ba ne. Na karanta shi duka, har na ci brik ɗin nan, ina jira."

Na jira. Na ƙura wa yatsunsa ido, don Rim ta ce ran Talata ta ga ɗaya ya motsa. Na sake faɗa masa daga farko, a hankali, da lambobin da komai, yadda zai so a yi masa bayani.

Nas ta taɓa kafaɗata ta ce lokaci ya yi.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Na yanke masa farce, sun yi tsawo. Likita bai ce babu canji ba. Ya ce a kira wanda ke nesa.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Ƙarfe shida da minti goma Rim ta kira.

Talata, bayan la'asar

An aro kujeru daga maƙwabta. Maza sun fita da shi. Ammi Lutfi ya ƙi yarda kowa ya karɓe shi a ɗaukar makara, da ciwon bayansa da komai.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Kwana uku. An dafa kuskus, an raba. Na wanke kofuna tun safe, in na gama sai in sake, don a kicin ba mai riƙe hannuna ya kalle ni.

Wata maƙwabciya ta ce wa Ummi ai babur ba abin hawa ba ne, ita tun da can take faɗa. Ummi ta ce mata, "Ƙara shayi." Ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinta yau.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe 11:30 na safe

Na je ɗakin aiki. Saƙonni sun taru. Duka goman lafiya lau, ba wanda ta faɗar wa. Ɗaya daga garin Safakis, bai ji labari ba, ya rubuta: "Madalla! A gaida Nizar, a ce masa hannunsa da albarka." Na fara amsa sau uku ina gogewa.

Ammi Lutfi ya hawo benen yana haki. Ya ce ya buɗe ta ya rufe sau talatin, da gangan, yana neman ta da faɗa.

"Ba ta faɗi ba," ya ce.

"Na sani, Ammi."

Muka zauna. Ya kalli kujerar Nizar da ke gefen taga, ya ɗauke kai. Ya tambaye ni ko zan fitar da ita ga jama'a. Na ce ban sani ba. Ya ce ba gaggawa, ud ba ya tsufa, mai kaɗa shi ne ke tsufa, shi ma bai shirya ba tukuna.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Rim a gidanmu take takaba. Yau ta same ni ina shanya, ta ce, "Yaya, na duba wayata kaf. Saƙon murya uku kawai nake da shi, duka 'ina zuwa' yake cewa. Mutumin nan rubutu kawai ya iya. A wurin aikinku babu muryarsa?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna. Lokacin naɗi, kafin Ammi ya kaɗa kowace murya, Nizar ne ke sanarwa a makirfo: tsirkiya kaza, bugu kaza, karo na kaza. Daga baya muka yanke kawunan muka bar kiɗan zalla. Amma na asalin suna nan a faifai, fayil dubu ɗaya da ɗari tara.

Na ce mata akwai. Sannan, da rigar Ummi a jiƙe a hannuna, na gaya mata abin da na ce masa ranar. Duka, ban rage ba.

Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Na sani. Ya kira ni daga ƙofar kantin magani."

Na ajiye rigar.

"Ya ce, 'Madam Darakta ta sake korata, karo na huɗu a bana. Bari in je in ga kwamfutar Ammi da idona.' Yana dariya. Ba zan ce miki bai ji zafi ba, Yaya, na san muryarsa, ya ji. Amma wurin aikinku ya nufa, ba gudunki ya yi ba. Hula kuwa, sau nawa na bi shi da ita har titi ba takalmi?"

Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

"Jira nake ki faɗa. Kuma Ummi ma jira take. Ki gaya mata da bakinki."

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Na rubuta ɗan umarni ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki magana ya bar kiɗa. Karon farko ya riƙa cinye harafin farko na kowace kalma, sai na ƙara masa rabin daƙiƙa. Na haɗa su wuri guda. Minti arba'in da bakwai.

Yawanci lambobi ne. Amma a tsakani akwai, "Ammi, cikinka na ƙugi, ya shiga makirfo." Akwai inda nake cewa a sake, bai yi ba, shi kuma ya ce, "An ji, ranki ya daɗe." Na sa hannu zan yanke muryata, sai na bar ta.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan la'asar

Da safe na gaya wa Ummi. Tana tsince lansir a faranti, ba ta ɗago ba har na gama. Ta ce, "Bakinki irin na babanki ne." Sai kuma ta ce, "Miƙo mini wancan kwanon." Na miƙa mata. Ban san ko an yafe mini ba ne. Ban tambaya ba.

Bayan azahar Rim ta saurari nata a ɗaki, ta rufe ƙofa. Da ta fito, Ummi ta ce ita ma a sa mata. Ba ta taɓa sa abin sauraro na kunne ba, sai da na gyara mata ɗankwali na ɗora shi a kai. Ya yi mata girma, ta riƙe shi da hannu biyu.

Ta zauna tsam, idonta a bango. Ni ba na jin komai, fuskarta kawai nake kallo. Minti goma, sha biyar. Can sai ta ɗaga yatsa.

"Tsaya," ta ce da ƙarfi, don ba ta jin muryar kanta. "Ya yi tari. Kin ji? Tarin nan na watan Janairu ne. Sai da na ce masa ya sa rigar sanyi, ya ce ɗakin naku da ɗumi."

Na ce eh, Ummi, na Janairu ne.

"Mayar mini baya kaɗan."

Na mayar. Ta saurara, ta girgiza kai.

"Ba ya jin magana," ta ce. "Sake mayarwa."